Teku a Kan Zanen Gado

Ranar Talata na kai 'yan aji huɗu teku,
ba mota, ba guzuri, ba takardar izinin iyaye.
Farin zanen gadona na kafe a bango da ƙusa biyu,
na aro majigi a ofishin hedimasta,
na sayi data da kuɗin cefanen gidana.
Mabera ta ɗau zafi tun da hantsi,
kwanon rufi na ƙara kamar ana toya shi,
mu sittin da uku, tagogi a rufe don hoto ya fito.

Sai ruwa ya zo.
Shuɗi ya cika zanen har ya zuba kan allo.
Ajin da ko ranar jarrabawa ba ya shiru
ya yi tsit, har ina jin numfashin na'urar.

Arzika, ɗan masunci daga Kwalkwalawa,
wanda ya fi ni sanin ruwa,
ya miƙe ya ce, "Malam, ina ƙetaren?"
Na ce sai an yi kwana da kwanaki a jirgi.
Ya girgiza kai irin na babansa:
"Ruwan da ba a hangen ƙetare nai, wa ka shiga?"

Kulu ce ta shiga.
Na ba ta linzamin kwamfuta, hannunta na rawa,
ta ja mu hagu, ta ja mu ƙasa,
muka nutse gaba ɗaya, ba wanda ya jiƙe.
Kifaye masu zanen atamfa suka ratsa mu,
wani dutse mai rai yana buɗe baki yana rufewa,
sai ga wata halitta da ta fi ajinmu tsawo.
Jabbi ya faɗa ƙarƙashin benci,
aka yi masa dariya, ya leƙo yana taya mu.

A nan sabis ya ɗauke.
Kifin ya tsaya cak, baki buɗe,
'yar da'ira na kewaya idonsa
kamar akuya a turke.
Na ɗaga waya sama, na hau kujera,
yara na ba ni shawara: "Malam, yi gabas!"

Cikin jiran ne Luba,
da ban san muryarta ba sai wajen kiran suna,
ta ce, "Su ɗiyan can, suna ganin mu?"

Da sabis ya dawo na rubuta sunan garinmu.
Abin da ya fara fitowa ɗigo ne a taswira
da lambar zafin rana, arba'in da uku.
Jabbi ya share gumi da gefen riga:
"Wanga ai mun sani."

Ran Asabar muka fita, mu tara, da wayata mai tsagaggen gilashi.
Kakan Kulu majemi ne, ya nuna mana
yadda bagaruwa ke cin fatar jar akuya,
ya ce a ɗauki hannunsa, ban da fuska.
Arzika ya kai mu bakin Rima,
ya nuna ƙetare da yatsa, ya ƙi sauke shi
sai da na tabbatar masa ya fito.
Luba ce mai bayani, ta yi ta zuba kamar an buɗe famfo.
Hoton na girgiza, yatsana ya rufe kusurwa ɗaya,
har yau yana cikin waya, yana jiran albashi.

Zanen kuwa na mayar gida.
Tumba ta ga huda biyu, ta dube ni.
Na ce nan aka rataye teku.
Ta ce to, tekun ya biya kuɗin cefane.

Da dare wuta ta ɗauke, zafi ya zauna a ƙirji.
Na kwanta a kansa, na kasa kunne.